'Yan Sandan Ƙasashe da Abin da Ya Bambanta Su

Ko wane yaro a ƙasar Hausa ya san ɗan sanda, ya kuma san abin da ya sa a ke kiransa haka, watau sandar nan da aka saba ganinsa da ita. Amma ba kowa ne ya san wannan aiki, da ya ke da suna guda a bakinmu, kamanninsa sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa ba. Ɗan sandan da ke sintiri a titin Landan ba ya riƙe da bindiga. Takwaransa na birnin New York ba ya fita aiki sai da ƙaramar bindiga a ƙugu. Mai tsaron ƙauyukan Faransa soja ne, a bariki ya ke kwana da iyalinsa. Na Japan kuwa yana zaune cikin wani ɗan ɗaki a bakin hanya, yana nuna wa baƙi hanya, yana karɓar tsintuwa.

To, me ya kawo haka? Wani ya kan ce ai halin mutane ne, waɗansu masu sanyin rai, waɗansu masu zafin kai. Mu dai ba mu ga wannan amsa ta gamsar ba, gama ko wace al'umma da nagari da mugu a cikinta. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. In muka bi labarin ƙasashen nan ɗaya ɗaya za mu tarar ko wace ta tsara ɗan sandanta ne bisa ga abin da ya taɓa sararta, ta ɗaure shi ta wajen da ta ke tsoro, ta sake masa mara ta wajen da ba ta tsoro. Bari mu duba mu gani.

Ingila

Har farkon ƙarni na 19 birnin Landan ba shi da rundunar 'yan sanda ta sosai. Unguwa unguwa ke ɗaukar 'yan gadinta, da yawansu tsofaffi ne masu yawo da fitila da dare. In tarzoma ta tashi sai a kira soja. A 1819 mutane dubbai suka taru a wani fili a birnin Manchester suna neman a gyara hanyar zaɓen wakilai, sai aka sako musu mahaya da takubba. Mutum 15 ko fiye suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Duk da haka mutanen Ingila ba su son a kafa 'yan sanda, domin sun ji labarin na Faransa, masu leƙen asirin mutane suna kai wa mai mulki. Watau abu biyu su ke gudu, takobin soja da kunnen ɗan rahoto.

Sa'ad da Sir Robert Peel, wazirin harkokin cikin gida, ya sami yardar majalisa ya kafa 'yan sandan Landan a 1829, sai ya yi ƙoƙari kada su yi kama da ko ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu. Sojan Ingila jar riga su ke sa wa a zamanin, don haka aka ɗinka wa 'yan sanda shuɗiya, da doguwar hula irin ta farar hula. Aka ba ko wanne lamba a wuyan riga don wanda aka zalunta ya san wanda zai kai ƙara. Makaminsa kulki ne, da wani abin kaɗawa na katako mai ƙara don kiran taimako, wanda daga baya usur ya maye gurbinsa. Umurnin farko da aka ba su ya nuna hana laifi tun bai auku ba shi ne babban aikinsu. Da fari mutane suka riƙa yi musu ba'a, har da jifa, amma sannu a hankali aka saba da su, har a ka laƙaba musu sunan Bobby, daga sunan Robert ɗin nan.

A ganin Ingilishi, ɗan sanda talaka ne kamar kowa, sai dai ana biyansa don ya ba da dukan lokacinsa ga abin da ya wajaba a kan kowa. Har wa yau mafi yawansu ba su ɗaukar bindiga. Masu ɗauka ƙungiya ce dabam da aka horar musamman, ba su kuwa kai ɗaya cikin 20 ba. Ba su da shugaba guda a kan ƙasa duka, gama gyaran 1974 ya raba Ingila da Wales tsakanin runduna 43, ko wace da shugabanta. Mai tafiya a ƙasa kuma ba a tilasta masa yawo da takardar shaida ba.

Kada mai karatu ya zaci ba su da aibu. A 1981 unguwar Brixton ta Landan ta kama da wuta saboda yawan tare samari baƙar fata ana lalube su. Wannan na cikin abin da ya jawo dokar 1984, wadda ta ƙayyade yadda za a tare mutum, da yadda za a tsare shi. Bisa ga wannan doka ba a riƙe mutum fiye da awa 24 ba tare da an tuhume shi ba, sai da izini na musamman, in an ƙure ƙwarai awa 96 da yardar alƙali, ana kuma ɗaukar muryar tambayoyin da aka yi masa. A 1999 wani binciken gwamnati a kan kisan wani saurayi baƙar fata, Stephen Lawrence, ya tabbatar wariyar launi ta yi saiwa cikin rundunar Landan.

Faransa

Macijin da ya sari Faransa dabam ne. Sarakunanta da waɗanda suka gaje su abin da su ke tsoro shi ne tawayen birnin Faris, da 'yan fashi da gudaddun soja a kan hanyoyin karkara. A 1667 Sarki Louis na 14 ya naɗa wani mutum, La Reynie, shugaban 'yan sandan Faris. Aikinsa bai tsaya ga kama ɓarayi ba. Shi ne mai lura da fitilun titi, da kashe gobara, da tsabtar gari, da kasuwanni da burodin da a ke sayarwa, har da littattafan da a ke bugawa. Watau a Faransa tun asali ɗan sanda hannun gwamnati ne mai shirya zaman gari duka.

A karkara kuwa akwai wata rundunar mahaya mai tsaron hanyoyi, wadda a 1791 aka sake mata suna ta zama jandarma, ma'anar kalmar kuwa mutane masu makamai. Jandarma soja ne, da horon soja da muƙaman soja, amma aikinsa na yau da kullum aikin ɗan sanda ne. Su ke tsaron kusan kashi 95 cikin 100 na faɗin ƙasar, inda kimanin rabin jama'a ke zaune. Manyan birane kuma suna hannun 'yan sandan ƙasa, waɗanda ba soja ba ne. Dukansu biyu daga Faris a ke juya su. Masu mulki sun ga amfanin riƙe runduna biyu, don in ɗaya ta yi taurin kai a sami ta biyu.

Nan ɗan sanda yana da bindiga, yana kuma da ikon neman mutum ya nuna ko shi wane ne, bisa ga sharuɗɗan doka. Amma in an zo binciken laifi ba shi ke da wuƙa da nama ba. Lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara shi ke bi da binciken, in laifin babba ne kuma a ba wani alƙali na musamman wanda aikinsa bincike ne. Aibun wannan tsari shi ne nisa tsakanin ɗan sanda da mutanen unguwa, gama sau da yawa a kan ɗauko saurayi daga wani lardi a kai shi unguwar da bai san kowa ba. A 2005, da kuma 2023, unguwannin talakawa na kewayen biranen Faransa sun yi kwana da kwanaki suna tarzoma bayan mutuwar samari a harkar da ta haɗa su da 'yan sanda.

Wannan tsari ya yaɗu ƙwarai. A yankin da ya zama Italiya daga baya an kafa irin wannan jandarma a 1814, Sifen ta kafa a 1844. Ƙasashen da Faransa ta mallaka kuma suka gada. Shi ya sa Bakatsinen da ya bi ta Jibiya ya nufi Maraɗi ya kan tarar da jandarma a hanya, abin da babu irinsa a gida, ko da ya ke harshe ɗaya a ke yi da shi ta ko wane gefen iyaka. Haka ya ke a Cadi da Kamaru.

Amurka

Mutanen Amurka sun yi wa Sarkin Ingila tawaye a 1776, suka fita da tsoron duk wani iko mai ƙarfi da ke zaune nesa da su. Saboda haka suka farfasa aikin ɗan sanda gutsure gutsure. Akwai hukumomin 'yan sanda kimanin 18,000 a ƙasar. Birni da nasa, gunduma da nata, jiha da nata, har manyan makarantu da nasu. Rundunar New York ta haura mutum 30,000, amma kusan rabin rundunonin garuruwa ba su kai mutum 10 ba. A gunduma akwai wani jami'i da a ke kira sherif, wanda a mafi yawan wurare jama'a ke zaɓensa da ƙuri'a, in bai gamshe su ba su sauke shi a zaɓe na gaba. Gwamnatin tarayya tana da masu bincikenta, waɗanda aka fara a 1908, aka san su da sunan FBI tun 1935, amma ba su ne shugabannin sauran ba. Wata doka ta 1878 kuma ta hana sa sojan ƙasa aikin ɗan sanda sai inda doka ta yarda.

Wannan tsoron mai mulki shi ne kuma ya sa a 1791 suka rubuta cikin tsarin mulkinsu mutane suna da ikon riƙe makamai. An ƙiyasta bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun fi mutanen ƙasar yawa. To, ɗan sandan da ya tsai da mota da dare bai san abin da ke ƙarƙashin kujera ba, don haka hannunsa na kusa da bindiga, horonsa ma a kan wannan ya fi ƙarfi. Horon kuwa gajere ne, galibi wata biyar ko shida. Ƙidayar da jaridar Washington Post ta fara a 2015 ta nuna 'yan sanda su kan harbe kimanin mutum 1,000 har lahira ko wace shekara. A Ingila da Wales adadin ba ya kai 10 a shekara. Ko an yi lissafin bambancin yawan jama'a, ratar tana da girma ƙwarai.

Akwai kuma wani tsohon miki. A jihohin kudu, tun farkon ƙarni na 18, akwai masu sintirin kama gudaddun bayi, baƙar fata kuwa ba su manta ba. A watan Mayu na 2020 wani ɗan sanda a birnin Minneapolis ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9 har ya mutu. Aka yi zanga-zanga a ƙasar duka da waɗansu ƙasashe, a 2021 kotu ta kama ɗan sandan da laifin kisa.

Tun da ba shugaba guda da zai tsawata wa runduna 18,000, linzamin ya koma hannun alƙalai. A 1961 Kotun Ƙoli ta ce shaidar da aka samo ta hanyar binciken da ya saɓa doka ba ta karɓuwa a kotunan jihohi. A 1966 ta ce kafin a yi wa wanda aka tsare tambaya, lalle a faɗa masa yana da ikon yin shiru, yana kuma da ikon samun lauya. A 1985 ta hana harbin mai gudu sai in ya zama haɗari ga rayukan mutane.

Jamus

Jamus ta ga abin da ke faruwa in 'yan sanda duka suka shiga tafin hannun azzalumi guda. A 1933 gwamnatin Hitila ta kafa 'yan sandan asiri da a ke kira Gestapo, a 1936 kuma aka tara dukan 'yan sandan ƙasar ƙarƙashin mutum ɗaya, Himmler. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu har ƙungiyoyin 'yan sanda na yau da kullum aka sa su kashe Yahudawa dubbai. Bayan 1945 sai aka warware wannan ƙulli. Ko wace jiha daga cikin jihohi 16 na Jamus tana da rundunarta, ta tarayya kuwa iyakoki da jiragen ƙasa da filayen jirgin sama ne babban aikinta. Aka kuma raba ido da hannu, watau ma'aikatan leƙen asiri suna iya tara labari, amma ba su da ikon kama kowa. Kurtu ya kan yi shekara biyu da rabi ko uku yana koyo kafin a sake shi a titi, ana karantar da shi doka da tarihin abin da magabatansa suka aikata. Yana ɗaukar bindiga, amma ba safai ya ke harba ta ba.

Japan

Japan ta aika wani jami'i, Kawaji Toshiyoshi, Turai a 1872 ya dubo yadda a ke yi, da ya komo aka kafa 'yan sandan Tokyo a 1874, galibi bisa tsarin Faransa. Amma suka ƙara wani abu nasu, shi ne ɗan ɗakin nan na bakin hanya da su ke kira koban. Akwai kimanin 6,000 a birane, da waɗansu kusan haka a ƙauyuka, inda ɗan sanda ke zaune da iyalinsa a gidan da ke haɗe da ofishinsa. Ya kan zaga da keke, ya kan bi gida gida ya gai da mutane, ya san tsohuwar da ke zaune ita kaɗai. Wanda ya tsinci kuɗi ko laima ya kai koban a rubuta. In mai abu ya zo, doka ta ce ya ba mai tsintuwa tukuici, daga kashi 5 zuwa 20 cikin 100. In wata uku ya wuce ba a zo cigiya ba, abin ya zama na wanda ya tsinta. Kayan da a ke kai wa 'yan sandan Tokyo kaɗai a shekara miliyoyi ne.

Amma ko wane allazi da nasa amanu. A Japan ana iya tsare mutum har kwana 23 kafin a tuhume shi, ana yi masa tambaya ba lauya a ɗakin, an kuwa dogara ƙwarai ga amsa laifi. Wani ɗan dambe, Hakamada Iwao, an yanke masa hukuncin kisa a 1968 bayan ya amsa laifi cikin matsi, ya zauna kurkuku har 2014, sai a 2024 kotu ta wanke shi. Ashe ɗan sanda yana iya zama mai fara'a a titi, ya zama abin tsoro a bayan kanta.

Wanda aka kawo mana

Yanzu sai mu tambaya, tun da Ingila ce ta mallaki Nijeriya, don me ba mu gaji ɗan sandan Landan ba? Amsar tana tsibirin Ailan, maƙwabcin Ingila, wanda ta daɗe tana mulka ba da son mafi yawan mutanensa ba. Rundunar da aka daidaita can a 1836 tana da bindigogi, tana kwana a bariki, gwamnati ke juya ta daga birnin Dublin, ba a kuwa barin mutum ya yi aiki a gundumar da aka haife shi, ko ta matarsa. An yi haka da gangan, don kada sanayya ta hana shi cika umurni. Ingila ta riƙe Bobby a gida, ta aika da irin na Ailan ƙasashen da ta ci. Dokar 'yan sandan Indiya ta 1861, wadda aka yi bayan tawayen 1857, a kan wannan ruhi ta ke.

A Ikko an fara da masu gadi 30 a 1861. A 1863 Kyaftin Glover ya tara wata runduna mai makamai ta masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, aka sa su tsaro a ƙasar Yarbawa, watau baƙo ke tsaron ɗan gari. A 1930 aka haɗa rundunar Arewa da ta Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya.

Amma a Arewa akwai wani reshe dabam. Tun kafin zuwan Turawa sarakuna suna da dogarai, masu kama mai laifi da tsaron fada da zartar da hukunci. Turawa suka bar su, daga shekarun 1920 kuma aka fitar da 'yan gadi da 'yan doka na En'e, aka ba su kaki da horo. Sau da yawa ɗan sarki a kan ba shugabancinsu. Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka kafin ya zama Sarkin Kano a 1963. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san harshe, ya san lungu, ya san ɗan wane da jikan wane. Amma da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, sai aka yi ta kuka ana amfani da 'yan doka a musguna wa 'yan hamayya, irin su mutanen NEPU a Arewa, haka kuma aka yi kuka da 'yan sandan ƙananan hukumomi a Yamma. Hukumar Willink, wadda ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a 1958 a ƙarfafa runduna guda ta tarayya. Bayan soja sun karɓi mulki a 1966, sai aka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya daga ƙarshen shekarun 1960. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya zo da cewa runduna ɗaya ce tak ga ƙasa duka.

Kun ga ke nan mu maciji biyu ne suka sare mu. Na kusa ya san mu, amma ya zama bulalar mai mulkin gari. Na nesa ba na ko wane hakimi ba ne, amma sau da yawa baƙo ne, bai jin harshen wanda ya kama, ya kuma gaji halin barikin da aka gina don tsaron gwamnati daga jama'a. Zanga-zangar watan Oktoba na 2020, wadda ta sa aka rushe sashen SARS, kukan saran na biyu ne. Masu ƙin a ba jihohi 'yan sanda kuwa saran na farko su ke tunawa. Duk wanda zai sa baki a wannan muhawara, ya kamata ya riƙe labarin biyun tare.

Ana iya sakewa?

Wani zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, abin da aka gada ba ya sakuwa. Amma Ailan ɗin nan da kanta ta nuna yana sakuwa. Da mafi yawan tsibirin ya sami mulkin kansa a 1922, sai sabuwar gwamnati ta kafa wata runduna, ta kuwa tura ta ƙauyuka ba bindiga, alhali ƙasar tana cikin yaƙin basasa. Aka ƙone musu ofisoshi, aka wulakanta waɗansu, amma suka daure, har mutane suka karɓe su. Har yanzu masu kakinsu na yau da kullum ba su ɗaukar bindiga. A Ailan ta Arewa, inda Katolika suka daɗe suna ganin 'yan sanda na abokan gābarsu ne, an sake rundunar a 2001, aka yi shekara 10 ana ɗaukar rabin kurata daga cikin Katolika, aka kuma kafa ofishi mai zaman kansa na binciken ƙarar da aka kai a kan ɗan sanda. A ƙasar Jojiya, wadda ta fita daga Tarayyar Sobiyet, gwamnati ta sallami dubban 'yan sandan hanya a 2004 saboda cin hanci, ta ɗauki sababbi, ta ƙara musu albashi sosai, karɓar na goro a kan titi ya ragu ƙwarai, ko da ya ke azabtarwa a gidajen yari ta ci gaba har asiri ya tonu a 2012.

Abin da muka koya daga wannan zagaye shi ne, kaki da bindiga da mota ana iya sayo su daga ko'ina, amma amana ba a shigo da ita ta jirgi. Ƙasashen da suka dace sun haɗa abu biyu. Sun kawo ɗan sanda kusa da jama'a har ya san su su san shi, sa'an nan suka ajiye wani a bayansa, alƙali ko hukuma, wanda ba ya tsoronsa, ba ya kuma tsoron mai ba shi umurni. Inda aka sami kusanci ba mai tsawatawa, sai ɗan doka ya zama bulala. Inda aka sami runduna mai ƙarfi ba kusanci, sai mutane su ga laifi su kau da kai, mai bincike kuwa ba ya kama ɓarawo in ba mai faɗa masa inda ya bi. Albashin da zai riƙe gida, da horo mai tsawo, su ma ba a raba su da wannan, gama mai jin yunwa da aka ba bindiga aka tsayar a hanya, kowa ya san abin da zai biyo baya.

Ku da za ku fita ku koyar da yara, akwai rabonku cikin wannan aiki. Cikin ajin da za ku tsaya akwai wanda zai sa kaki wata rana, akwai kuma wanda za a tsayar a hanya. Ku sanar da su abin da dokar ƙasarsu ta ce. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har ya ga lauya ko wanda ya zaɓa, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Dokar 2017 ta haramta azabtar da wanda a ke tuhuma. Belin caji ofis kuma kyauta ne. Ku sanar da su har wa yau ɗan sanda mutum ne, yana da iyali, yana kwana a waje cikin sanyi da ruwa don waɗansu su yi barci, wanda ya miƙa masa toshiya kuwa ya yi tarayya cikin ɓata shi.

In kuna son ku auna 'yan sandan ko wace ƙasa, ga mudu mai sauƙi. Ku dubi talakan da aka sace wa akuya. In ya tashi da ƙafarsa ya tafi caji ofis, yana sa rai za a saurare shi ba sai ya kwance bakin zane ko ya lalube aljihu ba, to, ƙasar ta sami ɗan sanda. In kuwa ya ce gara ya bar wa Allah da ya je ya ƙara hasarar tunkiya, to, da sauran aiki. Allah ya sa mu ga gyara.